Mai Bin Bashi A Ƙofar Gida

Ga shi hunturu ya sauko, hazo ya rufe duwatsu, an gama yankan dawa ana ta sussuka. Maɗinka ba su samun barci, keke yana ta kuka har tsakar dare, gama kowane yaro yana jiran rigarsa. Matan zumunta sun sayi zanensu iri ɗaya, 'yan waƙa kuma kowace yamma suna cikin majami'a suna koyon sababbin waƙoƙi. Duk wanda ka tambaya zai ce maka lokacin murna ne. Haka ne kuwa. Amma akwai wata tambaya wadda ta hana ni barci wata shekara a daidai wannan lokaci. Ina so in ajiye ta gabanku, 'yan'uwa, domin na sani ba ni kaɗai ta taɓa damu ba. Ga ta: idan an gafarta wa mai laifi, jama'a kuma suka yi murna, ina rabon wanda aka cuta? Daidai ne a yi guɗa a kan mutumin da bai biya ba?

Bari in faɗa muku yadda ta same ni. Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri a wajenmu, hatsi bai yi ba. Da damina ta kewayo ta yi tsaka, wajen watan Agusta, lokacin da mace ta kan leƙa rumbu ta hangi ƙasa, sai wani ɗan'uwa na cikin ekklesiyarmu ya zo wurina da dare. Ƙanena ne cikin Ubangiji. Ni na koya masa karatu, ni kuma na tsaya masa ran da aka yi masa baftisma. Ya tsuguna a zaure ya ce, "Malam, kwana uku ke nan yara ba su ci kome ba sai tafasa da rama. Ka ranta mini, in Allah ya kai mu kaka in mayar." Na ba shi dawa buhu biyu. Ɗaya nawa ne. Ɗayan na uwargida ne, a gayaunarta ta noma shi, ta ajiye domin ta sayar ta biya wa 'yarmu ta fari kuɗin makaranta. Ni na lallashe ta har ta bayar. Cikin duhu muka ɗora masa a jaki, ba wanda ya gani, domin mu rufa masa asiri.

Kaka ta zo, Allah ya ba shi amfani, ya sayar, bai ko waiwaye mu ba. Na tuna masa sau biyu. Daga baya na kai maganar gaban dattawan ekklesiya. Da aka tambaye shi, sai ya dubi tsabar idona ya ce, "Ashe rance ne? Ni na ɗauka kyauta ce Malam ya ba ni saboda Allah." Shaida babu, tun da ya ke mu da kanmu muka ɓoye abin. Dattawa suka ba ni haƙuri, aka yi addu'a, aka tashi. Waɗansu ma suka riƙa dubana kamar mutumin da ya yi kyauta ya koma yana bin sawunta. Yarinya kuwa ta zauna gida shekara guda cur, tsararrakinta suka wuce ta.

Bayan wannan mutumin ya shiga duniya. Ya bar matarsa da 'ya'ya, ya tafi birni, ya kama shan giya, ekklesiya ta sa shi a horo. Da aka yi shekara uku sai ga shi ya komo a rame. Ya zauna a bencin baya wata shida, bai fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya. Ran Lahadin da ke gaban Kirsimati ya miƙe gaban jama'a ya faɗi laifinsa, giya da barin iyali da waɗansu abubuwa da ba sai na rubuta ba. Ya yi kuka, ba na kuwa shakka kukan gaske ne. Fasto ya ba shi hannu, mata suka rangaɗa guɗa, aka buga ganga, majami'a duka ta ɗauki waƙa. Maganar dawa dai, ko kalma ɗaya. Littafin waƙa yana buɗe a hannuna, bakina ya ƙi motsi. Uwargida ta tashi ta fita waje, ba ta komo ba sai da aka yi addu'ar rufewa.

Sau nawa na yi wa'azi a kan sura 15 ta Luka, ina zargin babban ɗan nan da ya ƙi shiga gida sa'ad da aka yi wa ƙanensa biki! Ran nan na gane shi sarai, har na ji kamar in ba shi haƙuri. Ku duba fa. Uban ya riga ya raba dukiya, ƙanen ya cinye nasa rabo. Duk abin da ya ragu a gidan, gādon wan ne. To, maraƙin da aka yanka, daga garken wa aka kama shi? Riga da zobe da takalma, daga kayan wa? Ashe bikin nan akwai wanda ya ji shi a jikinsa. Nan na koyi abu na fari game da gafara, watau ba ta mayar da dawa cikin rumbu. In an yafe bashi, bashin bai ɓace ba, mai ɗaukarsa ne kawai ya sake. Wanda ya ci ya tafi da cikinsa, wanda ya yafe ya koma da buhu wofi. Saboda haka duk inda ka ji an ce an gafarta, ka tambaya, wa ya biya? Kullum akwai amsa. Mai cewa gafara abu ne mai sauƙi bai taɓa yafe abin da ya yi masa zafi ba.

Abokai suka yi ta ba ni magana. "Malam, haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya." Na kuwa yi haƙurin, shekara uku ina yinsa. Amma haƙuri dabam, gafara dabam, mu kuwa mun cika haɗa su. Mai haƙuri ya haɗiye maganar ne, tana nan a maƙale kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Ya kan gai da mutumin a hanya, ya tambaye shi gida, ya tambaye shi gajiya, ya wuce yana lissafi cikin zuciyarsa. Haƙuri ya hana ni kai ƙara wurin alƙali, na gode masa. Bai sa ni waƙa ba.

Abin ya tuna mini da labarin yaƙin duniya na fari. A Kirsimatin 1914, a waɗansu wurare na fagen yaƙi cikin Beljiyam da Faransa, sojan Ingila da na Jamus suka ajiye bindiga, suka fito daga ramukansu, suka gaisa, suka ba juna taba da abinci, suka binne matattunsu. A kan ba da labarin nan domin a nuna ikon Kirsimati, lalle kuwa akwai abin mamaki a ciki. Amma kada mu manta da ƙarshensa. Bayan kwana kaɗan kowa ya koma raminsa, aka ci gaba da kashe juna har 1918. Yawancin sulhun da mu ke yi cikin watan Disamba irin wannan ne. Mu kan fito daga rami mu ce barka da Kirsimati, kafin a shiga sabuwar shekara kowa ya koma bakin bindigarsa. An gaji da gafara sa, ba a ga ƙaho ba.

To, sai na koma kan tambayar da kanta. Jama'a sun yi kuskure da suka yi murna? Da fari na ce sun yi, gama ba dawarsu ba ce, da wane iko za su yafe ta? Wannan tunani ba sabo ba ne. Sa'ad da aka zuraro shanyayyen mutum ta rufin ɗaki a Kafarnahum, Yesu ya shaida masa an gafarta zunubansa, malaman Attaura kuwa suka yi gunaguni a zuci cewa wannan aikin Allah ne shi kaɗai. Mu kan yi saurin ganin laifinsu, amma maganarsu tana da tushe. Ba mai yafe bashin da ba nasa ba. In wani ya mare ka, ni kuma na zo na ce masa na yafe, ai ka ce na taɓu. Kuskuren malaman nan ɗaya ne, ba su san wanda ke tsaye gabansu ba.

Amma ta yaya Allah ya shiga maganar dawata? Ku tuna da Dauda. Ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin dāga, sa'an nan cikin Zabura 51 ya yi magana kamar Allah kaɗai ya saɓa wa. Da ina saurayi maganar nan ta kan ba ni haushi, in ce, Uriya fa? Sai da na manyanta na gane. Wanda ya doki yaro ya taɓa ubansa. Uriya na Allah ne, matar ta Allah ce, dokar da aka karya kuma tasa ce. Kowane laifi da mutum ya yi wa ɗan'uwansa, masu bin bashi biyu ne a kansa, wanda aka cuta da Mahaliccin wanda aka cuta, babban bashin kuwa na Mahalicci ne. A kan wannan babban bashi jama'a suka yi guɗa ran Lahadin nan. Ko tuban mutumin ya kai ga maganar dawa a ranar, wannan tsakaninsa da Allah ne. Mai shiga tsohon ɗaki da fitila ba ya ganin dukan lunguna gaba ɗaya, ni ma ba rana ɗaya na ga nawa ba. Mutum dai ya ɓata ya komo, Yesu kuwa ya ce irin wannan har a sama a kan yi masa murna. Jama'a sun yi daidai. Ni ne na ware kaina.

Duk da haka ba zan wanke dattawa sarai ba. Ni ma yanzu ina cikinsu, saboda haka da kaina na ke. Mun iya sa mutum a bencin baya mu ƙirga masa watanni, amma ba mu cika tambayarsa wa ya cuta, me kuma ya mayar ba. Shari'ar Musa ba ta yi wannan sakaci ba. Cikin Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amanar maƙwabcinsa ya musanta da rantsuwa, sai ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi 1 cikin 5, ya kuma kawo hadayarsa. Zakka na Yariko ya ba matalauta rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin riɓi 4 ga duk wanda ya zalunta. Tuban da bai taɓa aljihu ba, a sake dubansa. Sai dai ku lura da wanda ya riga wani. Yesu bai ce wa Zakka biya tukuna in zo ba. Ya kira shi daga kan itace, ya shiga gidansa, mutane suna ta gunaguni, daga nan hannun Zakka ya buɗe.

Akwai kuma wani wuri da ya taimake ni, wurin da mu kan tsallake a karatun Kirsimati domin sunayen suna da wuyar faɗi, watau jerin kakannin Yesu a sura 1 ta Matta. An ambaci mata huɗu kafin Maryamu, Tamar da Rahab da Rut, ta huɗun kuwa ba a rubuta sunanta ba, da sunan mijinta na fari aka kira ta, Uriya. Wajen shekara 1,000 ke nan bayan Dauda. Allah ya gafarta masa, har ya sa Mai Ceto ya fito daga zuriyarsa ta wurin matar nan, amma bai goge sunan wanda aka zalunta ba. Yana nan a shafin fari na Sabon Alkawari. Ashe gafara ba ta bukatar ƙarya. Mu in aka roƙe mu gafara mu kan ce, "Ba kome." Sau da yawa akwai kome, babba ma. Na ji sanyi da na gane Ubangiji bai neme ni in ce shekarar yarinyata ba kome ba ce.

Rabon Allah, Allah ya yafe. Nawa rabo kuwa ya bar mini a hannu, bai ƙwace ba. Dawata ce, ina da iko in riƙe maganarta har kabari. Me zai sa in saki?

Duk wanda ya taɓa cin bashi ya san yadda gaba ya kan faɗi sa'ad da aka ji sallamar mai bin bashi a ƙofar gida. A kan raɗa wa yaro, je ka ce ba na nan. Haka kakanmu Adamu ya yi, da ya ji motsin Ubangiji cikin gonar sai ya ɓuya a itatuwa. Makiyayan Baitalami ma, da haske ya haskaka su cikin dare, tsoro ne ya fara kama su kafin murna, gama zuciyar ɗan adam ta sani ana binta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, mene ne Kirsimati? Mai bin bashi ne ya taso da kansa ya zo ƙofar gidan waɗanda ya ke bi. Bai aiko dogari ba, bai kuma zauna yana jiran mu je mu tsuguna ba. Ya zo jariri, irin baƙon da ba mai gudu saboda shi.

Masu rubuta Linjila ba su rubuta mana ranar haihuwarsa ba. A birnin Roma aka fara samun shaidar kiyaye 25 ga Disamba, wajen shekara ta 336, har wa yau kuma 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu su ke yin tasu. Abin da aka rubuta dalla-dalla shi ne sunan. An umurci Yusufu ya sa masa Yesu, ma'anarsa Ubangiji yana ceto, aka kuma bayyana masa cewa daga zunubi ne ceton. Zakariya uban Yohanna, da bakinsa ya buɗe, shi ma gafarar zunubai ya ambata. Bayan kwana 40 aka kai yaron Haikali, Maryamu ta miƙa 'yan tsuntsaye biyu, hadayar da Shari'a ta yardar wa talakan da ba shi da halin ɗan rago. Ɗan ragon kuwa yana rungume a hannunta. Daga Baitalami zuwa Urushalima wajen mil 6 ne, mutum ya tashi da safe ya isa kafin hantsi ya dubi ludayi. Tsakanin inda aka kwantar da shi da inda aka giciye shi ba nisa. In muka tambayi Kirsimati tambayar nan tamu, wa ya biya, amsar ita ce ta kullum. Wanda ya yafe, shi ya biya.

Bitrus ya taɓa tambayar iyakar gafara, Yesu ya ba shi misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuwa ya fita ya shaƙe abokin bautarsa saboda dinari 100. Bari mu yi lissafin, domin kunnenmu ya saba da kalmomin har ba mu jin nauyinsu. Dinari 1 shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. Talanti 1 dinari 6,000 ne. Bashin bawan nan ladan yini 60,000,000 ke nan. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, sai ya yi shekara 200,000 bai ci bai sha daga ciki ba. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce Yahudiya da Samariya da Idumiya gaba ɗaya talanti 600 su ke kawo wa Arkilayus ɗan Hirudus a shekara. Lalle waɗanda suka ji misalin daga bakin Yesu sun riƙe baki. Amma abin da na fi so ku gani shi ne ƙaramin bashin. Dinari 100 aikin wata huɗu ne, talaka ba ya raina shi. Yesu bai ce bawan ƙarya ya ke yi ba, yana bi da gaske. Buhuna biyu ma da gaske ne. Ubangiji bai rage musu ko mudu ɗaya ba, ya dai ajiye su kusa da ɗaya bashin ya ce in duba.

Na ce, to, ni me na ci? Ban sha giya ba, ban bar iyalina ba. Na kwanta ina wannan tunani, sai abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya ɗaya kamar kunama daga tsagin bango. Shekara uku ina cin naman mutumin nan a bayan idonsa, duk wanda ya zauna a zaurena sai ya ji labarin dawa, kowane faɗi kuma da ɗan gishirin da na ƙara. Da labari ya zo yana shan wuya a birni, zuciyata ta yi fari, na ce Allah ba ya barci. Matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ba su yi mini kome ba, na ga suna fama na kau da kai, ni da na ke malaminsu. Kowace Lahadi kuma ina tsaye ina bi da jama'a cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana, ina roƙon Allah da bakina ya yi da ni yadda na ke yi da waɗanda na ke bi. Da ya amsa mini addu'ar nan daidai, ina zan sa kaina? Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani. Wannan kuwa na shekara uku ne kaɗai, ban taɓa na sauran kwanakina ba.

Waɗanda suka karanta Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, sun nuna mana wani abu da Hausa ta ɓoye. Mu muna da murna da alheri da gafara, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A Helenanci murna kara ce, kada dai ku haɗa ta da karan dawa. Alheri karis ne. Ɗaya daga cikin kalmomin yin gafara kuma karizomai, watau a ba mutum kyauta. Saiwarsu ɗaya. Kara ita ce mala'ika ya kawo wa makiyaya. Karis shi ne aka ce Maryamu ta samu wurin Allah. Karizomai kuwa da ita Bulus ya gargaɗi Afisawa da Kolosiyawa su yafe wa juna, da ita kuma Luka ya rubuta misalin mai ba da rance wanda ya yafe wa mutum biyu, ɗaya dinari 500, ɗaya 50. A gidan Siman Bafarisiye aka ba da misalin nan, mace mai zunubi tana kuka a ƙafafun Yesu, maigida yana zaune yana jin shi ba a binsa kome. Wanda ya san yawan abin da aka yafe masa, shi ne mai ƙauna da yawa. Haka ya ke da murna. Mutumin da ya yi kuka gaban jama'a ya fi ni murna a Kirsimatin nan nesa, domin ya san abin da aka ɗauke masa, ni kuwa ina riƙe da takardar bashi. Manomi ya san yadda ƙwayar dawa ɗaya ta kan yi 'ya'ya ta fid da kara uku. Ni na so in tsige ɗaya in bar biyu, sai tushen ya biyo hannuna.

Saura tafiya. Na so in jira shi ya zo, ai shi ne mai laifi, kuma ƙarami. Amma Yesu bai bar mini wannan mafaka ba. A sura 5 ta Matta ya ce wanda ya yi laifin ya bar baikonsa ya tafi. A sura 18 ya ce wanda aka yi wa laifin ya tafi, su biyu kaɗai. Ko ta ina ka tsaya, ƙafarka a ke nema. Ga shi kuma dukan gari yana shirin bikin Mai bin bashi wanda ya fara yin tafiya.

Ran jajiberen Kirsimati, bayan faɗuwar rana, yara suna majami'a suna shirin wasan makiyaya, na yafa bargo na fita. Da na isa ƙofar gidansa na ɗaga murya yadda kowa ya kan yi a wajenmu, na ce, "Gafaranku dai." Sai na ji kalmar a kunnena kamar ban taɓa jinta ba. Daga Larabci ta zo mana, asalinta kuwa rufewa. Ga ni na taso da nufin ba da gafara, al'ada ta sa ban iya shiga ba sai na fara roƙonta.

Ya fito, da ya gan ni fuskarsa ta sake. Ya shimfiɗa mini tabarma, shi ya zauna a ƙasa. Muka gaisa, muka tambayi gida da sanyi. Sa'an nan na ce, "Ƙanena, a kan maganar dawa na zo. Rance ne. Ka sani, na sani, Allah ya sani. Ka ƙaryata ni gaban dattawa, yarinya kuma ta rasa shekara guda. Ban zo karɓa ba. Ran nan ka ce kyauta ce, ƙarya ka yi. Daga yau maganarka ta zama gaskiya, na ba ka. Ni kuma ka yafe mini, na ci namanka, na kuma kau da kai daga iyalinka sa'ad da ba ka nan."

Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Malam, na ji." Iyakar maganarsa ke nan. Bai yi kuka ba, bai kuma taɓa komawa gaban dattawa ya gyara maganarsa ba har yau. Na tashi na kama hanya cikin sanyi. Ba zan ce muku murna ta zubo mini kamar ruwan Agusta ba. Na ji kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, kai ya yi sakayau, wuya yana ciwo tukuna.

Da na komo na gaya wa uwargida. Tana tsintar shinkafa gaban fitila, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Malam, buhu ɗaya ka yafe. Ɗayan ba naka ba ne. Shekarar yarinya ma ba taka ba ce." Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Maganar malaman Attaura ce ta faɗa mini, a wannan karo kuwa ba kuskure a ciki. Ni na lallashe ta ta bayar da fari, ba zan koma in matsa mata ta yafe ba, gama gafarar da aka karɓa da tilas ƙwace ce ta biyu. Na yi shiru muka kwanta.

Da safe na yi waƙa a majami'a, murya a dishe. Da muka komo, uwargida ta jera kwanukan da za a kai gidajen maƙwabta, na masu-bi da na Musulmi, yadda ta saba kowace shekara. Ina zaune a inuwa ina ƙirgawa a ɓoye. Bara bakwai ne, bana takwas. Ta zuba shinkafa, ta zuba miya, ta kira yarinyar ta ce, "Ungo, kai wannan gidan su wane." Yarinya ta tsaya tana duban uwarta, uwar tana duban tukunya. Can ta gyara ɗankwalinta, ta sunkuya ta ɗauka. Kafin a rufe kwanon na leƙa. Sauran kwanukan nama yanka uku uku ne. Wannan biyu.